Muhawara: A kai amarya babban gida, ko a kama mata haya?

Admin: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani ɗan'uwa ya turo min wannan ta bayan fage, ya ce a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto:

"An sa mana rana bayan Babbar Sallah. Ni ɗan cikin birnin Zariya ne, gidanmu gidan gado ne. Yayyena biyu suna ciki da iyalansu, ga Hajiyarmu, ga matar marigayi baffanmu da 'ya'yanta. Hajiya ta sa an gyara min ciki da falo a sashen da Baba ya bari, har an yi filasta an sa tayil. Da aka zo maganar jere, sai iyayen yarinyar suka aiko cewa ba za su jera wa 'yarsu a gidan yawa ba, in nemi haya ko da ɗaki ɗaya ne a Tudun Jukun ko Gyallesu. Hajiya ta ce tun kakanninmu ba a taɓa fitar da amaryar fari daga gidan nan ba, kuma ba a kanta za a fara ba. Albashina zai ɗauki haya, amma da ƙyar. Ita kuma yarinyar in na tambaye ta sai ta ce duk yadda manya suka yanke. Ku ba ni shawara."

A yi magana da ladabi, akwai iyayenmu a gidan nan.

Ɗan Kwarbai: Wa alaikumus salam. Ni ban ga abin neman shawara a nan ba. Mahaifiyarka ta ce ga inda za ka zauna, ta kashe kuɗinta ta gyara, sai surukai su zo su kafa mata doka a kan ɗanta? Yau sun zaɓa maka gida, gobe su za su yanka maka kuɗin cefane. Ka tsaya kan maganar Hajiya. In sun fasa, mata ba su ƙare ba.

Maman Ilham: Yaya Ɗan Kwarbai, wannan "mata ba su ƙare ba" ɗin ita ta cika mana gari da zawarawa. Kai da safe za ka kafa hula ka fice, sai bayan isha'i a gan ka. Wadda za ta wuni a tsakar gidan ita ta san abin da ke ciki.

Ni gidan yawa aka kai ni. Tukunya ɗaya ce, girki kwana bibbiyu tsakaninmu facaloli. Ranar girkinki tun asuba kin hura itace kin ɗora ruwan koko, da yamma ki tuƙa tuwon gida guda, ki kwashe malmala-malmala: kwanon zaure daban, na Hajiya daban, na samarin gida daban, ga almajirai suna jiran ƙanzo a bakin ƙofa. Wannan duk mai sauƙi ne, jiki yana sabawa. Abin da ba a sabawa da shi ido ne. Maigidanki ya shigo da baƙar leda, kafin ya kai labulen ɗakinki an san tsire ne ko balangu, an kuma ƙirga yaran da ba a sam ma ba. Ki ɗauki bokiti da asuba ki nufi banɗakin da kowa ke shiga, ga surukarki a kan dadduma tana lazimi, dole ta gabanta za ki wuce. Matan da ke gidan nan sun san irin kunyar da nake nufi. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya dake ni, Hajiyarmu mutuniyar kirki ce, Allah ya ji ƙanta. Amma ban san ina da aure nawa na kaina ba sai da muka tashi.

Goggo ta Magajiya: 'Yata Maman Ilham, ban ƙaryata ki ba, amma kin faɗi rabi kin bar rabi. Ranar da naƙuda ta kama ki cikin dare maigida ba ya gari, wa ya riƙe ki? Da kika dawo daga wankan gida, wa ke karɓar miki yaro ki samu ki runtsa? Mu da aka kawo mu muna 'yan yara, a hannun uwar miji muka koyi dama fura, muka koyi yadda ake yi wa namiji magana in ya shigo ransa a ɓace. A tsakar gida na koyi aikin allura wurin facalata, muna zaune kan tabarma ɗaya muna yi wa manyan riguna aiki, dillali ya zo ya karɓa ya kai kasuwa. Da kuɗin nan na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki. Wa zai koya wa yarinya sana'a a gidan haya, ta kulle ƙofa daga ita sai waya?

Kuma ku yaran yanzu ba ku san amfanin babba a kusa ba. A babban gida namiji ba ya iya ɗaga hannu, don kafin ya sauke uwarsa na tsaye a kansa. Ba ya iya furta saki cikin fushi, don ya san da safe zai tsuguna gaban baffansa ya yi bayani. A haya kuwa saɓanin da bai kai ya kawo ba, sai ki ji an rubuta takarda, maƙwabta ma sai sun ga a-kori-kura tana kwasar gado da kujeru sannan su sani.

Ummu Sudais: Goggo, Allah ya ƙara girma. Wani gidan kuma uwar ce ke cewa sai ya sake ta. Mun gani.

Goggo ta Magajiya: Akwai su, Allah ya shirye su. Ni gidan mutunci nake magana.

Almajirin Kona: Bismillah. Kafin ra'ayi ya yi yawa, a san abin da shari'a ta ce, don wasu na ɗauka iyayen yarinyar bidi'a suka zo da ita. Mazauni haƙƙin mace ne a kan mijinta, kamar ci da tufafi, gwargwadon ƙarfinsa. A aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ Allah ya yi umarni a zaunar da su inda ake zaune gwargwadon samu. Ayar a kan masu idda ta sauka, malamai suka ce in wadda aka saka tana da wannan haƙƙin, to wadda ke ɗakinta ta fi cancanta. A Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukan garin nan, Shehu Halilu ya faɗa a babin ciyarwa cewa mace tana da ikon ƙin zama tare da dangin miji. Ya togace macen da ba ta da wani matsayi, masu sharhi suka ƙara da wadda aka sharɗanta mata zaman tun wurin ɗaurin aure, su ma ɗin muddin ba a leƙa mata asiri ba a cutar da ita.

Na biyu, hidimar iyayen miji da 'yan'uwansa ba wajibi ba ce a kan matar ɗa. In ta yi, kyautatawa ce, tana da lada mai yawa. Wanda aka wajabta wa hidimar Hajiya shi ne ɗan da ta haifa.

Na uku, wanda muka fi sakaci da shi: wasan ƙanin miji. Hadisin Uƙbatu ɗan Amir yana cikin Buhari da Muslim, an tambayi Manzon Allah (SAW) game da ɗan'uwan miji, ya ce shi ne mutuwa. Mu kuma mun mai da shi abokin wasa, ya faɗo ɗaki ba sallama ya buɗe kula. Duk wanda zai sa amarya a gidan yawa ya dubi wannan.

Amma kada wani ya ɗauki maganata ya je ya karanta wa mahaifiyarsa Muhtasar. Biyayyarta na nan daram.

Ɗan Kwarbai: Allah gafarta Malam, to ai ka dawo inda nake. Uwa ta ce zauna, aljanna tana ƙarƙashin ƙafarta. Me ya rage?

Almajirin Kona: Abin da ya rage, Malam, haƙƙin uwa a wuyan ɗa yake, ba a biyansa da haƙƙin 'yar mutane. In yarinyar ta yafe nata da daɗin rai, falillahil hamdu.

'Yar Kongo: Wallahi nan ne wurin. Kowa ya tsallake layin ƙarshe na saƙon. "Duk yadda manya suka yanke." Yayana mai tambaya, budurwar Bahaushe ba za ta dube ka ta ce ba na son zama da uwarka ba, ko da ita ce ta fi kowa boko. Kana tsammanin iyayenta mafarki suka yi suka aiko? Ita ta faɗa wa mamanta, maman ta faɗa wa baban, baban ya tura wakili. Amsar tana hannunka tuntuni. Ku samari sai ku shekara kuna zance, kullum hira a waya har dare ya raba, an san kalar akwatin lefe, an san wurin da za a yi kamu, amma ba a taɓa zama an ce ina za mu zauna, wa zai yi girki, zan ci gaba da karatu ko a'a. Sai an sa rana magana ta fashe a hannun iyaye, ta zama ta girma da mutunci, ba mai iya janyewa.

Abban Walid: Ni haya nake, bari in faɗa wa ƙanina abin da ke jiransa don kada a yi masa ganin kitse ga rogo. Kuɗin shekara a dunƙule ake so, ga la'adar ejan, ga na yarjejeniya. Shekara na zagayowa mai gida ya ce siminti ya tashi, kamar ginin ake sakewa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin Keke daga bayan gari zuwa cikin birni ya zama abin lissafi, ga shi dole kullum ka je gai da Hajiya, in ka yi fashin kwana biyu an ce matar ta mallake ka. Ruwa kuma kun san Zariya, 'yan ga-ruwa ne gatanmu. Kuma gidan hayar da albashi irin namu ke kamawa shi ma gidan yawa ne, sai dai da bare: mata huɗu, murhu huɗu, igiyar shanya ɗaya, faɗa kan kuɗin wuta da layin shara. Wanda ya gudu daga facala ya faɗa hannun matar maƙwabci, ban san ribar da ya ci ba.

Maman Ilham: Ribar ita ce matar maƙwabci in kun yi faɗa ba ta kai ƙararki wurin uwar mijinki, kuma ba za ku haɗu a rabon gado ba.

Malam na Samaru: Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki, don wannan fannin nake koyarwa. Goggo da Maman Ilham duk gaskiya suka faɗa, sai dai ba gida ɗaya suke bayani ba, ko da ginin ɗaya ne.

Babban gidan da Goggo ta sani a kan gandu yake tsaye. Uba da 'ya'yansa masu aure suna noma gona ɗaya, hatsi ya shiga rumbu ɗaya, kowane ɗa yana da 'yar gayaunarsa ta kashin kansa. A cikin birni inda sana'a ta fi noma ƙarfi, haka tsarin yake a gidajen malanta, ɗinki, rini da fatauci: maigida ne ke riƙe da jari. Shi zai fitar da awo, shi zai biya wa kowane namiji baligi haraji, shi zai yi wa ɗa auren fari, shi zai yanka ragon suna. To amaryar da aka kawo wannan gida ta yi wa kowa tuwo, daga rumbun kowa take ci. Aikin da take yi da abin da ake yi mata sun yi daidai, kuma akwai mutum ɗaya da in an cuce ta za a kai masa kuka ya tsawatar.

Wannan tsarin ya daɗe da kwancewa. Aikin albashi ya shigo: jirgin ƙasa, kamfanin taba, aikin En'e, sannan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ɗa ya fara samun kuɗin da ba su bi ta hannun ubansa ba. Harajin da ke ɗaure samari a ƙarƙashin maigida ma gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi a 1979. Gonakin bayan ganuwa an yanka su fuloti an sayar. Yau a gida ɗaya za ka samu wa malamin firamare, ƙane ɗan canji, autansu yana jan Keke. Rumbu ya tafi, kowa da aljihunsa, amma ana so tukunya ta zauna ɗaya, ana so amarya ta yi hidimar da kakarta ta yi. Daga nan rigimar take tasowa. Wanda ya fi samu yana ganin shi ke ciyar da gida, matarsa tana ganin don me za ta wahala daidai da matar wanda ba ya kawo komai, ita kuma waccan tana ganin ana yi mata gori da firji. A gidan mai tambaya uban ma ya rasu, ke nan kujerar mai tsawatarwa babu kowa a kai. Hajiya uwa ce, ba za ta iya zama alƙali tsakanin ɗanta da 'yar wani ba, ko ta so.

Akwai kuma dalilin da ya sa maganar haya ke yi wa iyayenmu na birni zafi fiye da na wasu garuruwa. Tun zamanin Turawa aka kasa garin nan: birni na 'yan ƙasa, Tudun Wada na baƙin Arewa, Sabon Gari na mutanen Kudu da ma'aikatan jirgi. Haya abin baƙo ce. Ɗan birni ya fita ta Ƙofar Doka ya je ya kama ɗaki, a idon tsofaffi kamar ya ce ba shi da gidan uba ne. Hajiya ba ɗaki take karewa ba, sunan gidan mijinta take karewa, kuma tana tsoron ranar da za ta waiga ta ga sassa duk an kulle.

Goggo, gafara dai, abu ɗaya zan ɗan ja. Mutuwar aure ba gidan haya ya kawo ta ba. Akwai wata tsohuwa da ake kira Baba ta Karo, wadda wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a Giwa tsakanin 1949 da 1950. A ƙarni na 19 aka haife ta, a gidajen gandu ta yi rayuwarta, kuma aure huɗu ta yi. Yaji da biko da fita a sake wani auren duk sun cika labarinta.

Goggo ta Magajiya: Ɗana na Samaru, ba sai Baturiya ta faɗa min ba, kakata aure uku ta yi. Amma da can in mace ta fita, 'ya'yanta suna nan a tsakar gidan ubansu, ga kaka ga goggonni, ba wanda zai san uwarsu ba ta nan sai an faɗa masa. Yanzu in aure ya mutu a gidan haya, yaran fa? Ko a bi uwa agolanci, ko a bar wa matar uba ita kaɗai ba mai gani. Wannan ka rubuta shi a takardunka.

Malam na Samaru: Na karɓa, Goggo. Wannan babbar magana ce.

Admin: Mai tambaya ya ƙaro bayani. Ya ce gidan ba a raba gado ba tun rasuwar mahaifinsu, kuma kowane sashe yana girkinsa, sai da azumi da Sallah ake haɗawa. Banɗaki ne dai guda biyu na kowa da kowa, kuma hanyar shiga ɗaya ce, ta zaure.

Lauyan Sabon Gari: To ai ga inda gizo ke saƙar. Gidan da ba a raba ba, duk bulon da ka ɗora a ciki ka ɗora shi a kan rabon kowa, har da 'yan'uwanka mata da ke gidajen aurensu, har da 'ya'yan baffa in kakanku ne mai gidan. Irin waɗannan shari'u sun cika kotunan Musulunci: mutum ya kashe abin da ya tara ya gyara sashe, ya rasu, a zo rabo a ce ginin na gida ne. Matarsa ta gama takaba wata huɗu da kwana goma, tumuninta ɗaya bisa takwas ne na abin da ya tabbata nasa, in babu ɗa ɗaya bisa huɗu, to me ya tabbata nasa? Watakila abin da iyayen yarinyar suke hange ke nan ba su faɗa ba. Shawarata ko zai zauna ko ba zai zauna ba, su tara magada, a kira malami a raba a takarda, kowa ya san iyakarsa, shaidu su sa hannu. Ba sai an rushe katanga ko an sayar ba.

Ɗan Kwarbai: Barista, uwarsu na raye za a ce a raba gida? Ai sai ta ce mutuwarta ake jira.

Lauyan Sabon Gari: Gadon mijinta ne, ita ma tana da tumuni a ciki. Jinkirin ne ke haifar da gabar da jikoki ke gada.

Magini Tudun Wada: Tun da kowa na girkinsa, aikin ya yi sauƙi. Na yi wa gidaje da yawa irinsa a Kaura da Limanci. A ja 'yar katanga a gaban ciki da falon a fitar da ɗan tsakar gida, a haƙa masai a yi banɗaki a ciki, a yi ɗan kicin ko na langa-langa ne, a ja mata wayar wutarta daban. In bayan sashen yana kallon lungu, a fasa ƙofa ta waje, a bar wata ƙarama ta cikin gida da sakata ta ɓangarenta. Da safe ta buɗe ta je ta gai da Hajiya, ta dawo ta rufe. Sau ɗaya za ka kashe kuɗin, ba kamar haya ba. Sai dai a duba ginin tukuna, in tsohon tubali ne da azara ba a fasa shi da ganganci, musamman ga damina na tafe.

'Yar Kongo: Wannan ya yi, in har sakatar za ta yi aiki. Kada ranar da ta rufe a ce amarya ta kulle wa dangi ƙofa.

Ɗan Kwarbai: Za a faɗa kuwa. Ni gidanmu ƙofa ɗaya ce, kuma haka zan bar wa 'ya'yana.

Goggo ta Magajiya: Za a faɗa, a yi wata biyu a gaji. Ɗana mai tambaya, ka saurare ni. Kada ka kai wa Hajiya wannan magana da bakinka, kuma kada sunan yarinyar ya fito a ciki, in ba haka ba ta shigo gidan da tabo tun ba ta ga ɗakinta ba. Ka sami kawunka, wanda suke ciki ɗaya da Hajiya, ko aminiyarta da take jin maganarta. Shi zai ce mata gidan ya cika, samari sun girma, a fitar wa amarya da banɗakinta da ƙofarta saboda addini. In ta amince, waliyyinka ya ɗauki goro ya je wurin baban yarinyar, a ce iyayenta mata su zo su ga wurin da idonsu kafin ranar jere. In sun gani sun ce a'a, to ka kama hayar kusa, cikin ganuwa, inda za ka iya zuwa da ƙafa ka ci tuwon dare wurin uwarka ranar da ta dafa.